Kilomita 90 a hanyar hawa da gangara ta gagare ni, alhali ina yin 110 a shimfiɗaɗɗiya

Ɗan Autan Feda:
Assalamu alaikum 'yan uwa mahaya keke. Ina da damuwa, ina roƙon manyanmu su duba min. Shekarata biyu ke nan ina hawan keken tsere, kuma a shimfiɗaɗɗen titi ina yin kilomita 110 in dawo gida da sauran ƙarfina. Ranar hutun da ta wuce na zana wa kaina wata hanya ta cikin karkara, kilomita 90 kacal. Babu tsauni ko ɗaya a cikinta, sai 'yan tuddai: ka hau, ka gangara, ka tsallake ƙaramar gada, ka sake hawa. Babu tudun da ya kai kilomita 2. Hanyar ta yi kyau ƙwarai, gonaki dama da hagu, mota sai jefi-jefi.

Wallahi ban kai kilomita 60 ba cinyoyina suka fara ɗaurewa. A wani tudu da bai fi mita 700 ba sai da na sauka na tura keken, takalmina yana zamewa a kan kwalta. Awa biyar da rabi na yi kafin in ga ƙofar gida. Abin ya tsaya min a rai. Ƙarfi ne ba ni da shi, ko keken ne, ko kuwa hanyar ce ban iya zaɓa ba?

Injiniya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu da hanya. Kafin kowa ya ce komai, ba mu amsar abu biyu. Na ɗaya, jimillar hawan da ka yi mita nawa ne? Manhajar da ka yi amfani da ita za ta nuna maka. Na biyu, haƙora nawa ne a ƙaramin farantin gaba da sarƙa take hawa a wajen feda, nawa ne a babbar giyar baya?

Ɗan Autan Feda:
Strava ta nuna mita 1,350. Gaba 53 da 39 ne, baya kuma daga 11 zuwa 25.

Injiniya:
To ai ka ba kanka amsa. Mita 1,350 a kilomita 90, wato mita 15 na hawa a kowace kilomita. Ba tsauni ka hau ba, amma idan aka ɗora 'yan tuddan nan a kan juna sun yi tsauni guda mai kyau. Kilomita kaɗai ka ƙirga, ka bar rabin lissafin a gida.

Abin da ke yaudarar mutane a irin wannan hanya shi ne tunanin cewa abin da tudu ya ci, gangara za ta biya. Ba ta biya. Ɗauki tudu mai kilomita 2, ka hau shi da gudun kilomita 10 a awa: minti 12 ke nan. Ka gangara ɗaya gefen, kilomita 2, da gudun 40: minti 3. Ka yi kilomita 4 a minti 15, matsakaicin gudunka 16, ba 25 ba kamar yadda mutum zai zata in ya haɗa 10 da 40 ya raba biyu. Da a shimfiɗe ne kana tafiya da 25, wannan kilomita 4 ba za ta kai maka minti 10 ba. Ko da za ka gangara da gudun 80, Allah ya kiyaye, matsakaicin ba zai kai 18 ba. Dalili kuwa, a hawan kake daɗewa, gangarar kafin ka ƙifta ido ta wuce. Wahalar doguwa ce, hutun gajere.

Baba Mai Keken Ƙarfe:
Injiniya lissafinka daidai ne, ban ja ba. Amma na san inda za ka dosa, yanzu za ka ce yaron nan ya je ya sauya giya. Ni shekara talatin da wani abu ina kan keke, kuma mafi yawansu a kan keken ƙarfe mai giya biyar a baya. Tuddan da nake hawa ba su ragu ba. Yaran yanzu da ƙafa ta yi nauyi sai a ce keke ne. Ɗana, ƙafarka ce ba ta saba ba. Shimfiɗaɗɗen titi yana koya wa ƙafa waƙa ɗaya, tudu kuma kullum da tasa yake zuwa. Ka koma hanyar nan sau biyar, za ka ba ni labari.

Kuma ku tuna, gasar tseren keke ta Tour de France da aka fara a 1903, sai a 1937 aka yarda manyan 'yan tsere su yi amfani da abin sauya giya. Kafin nan in mutum zai hau tsauni sauka yake ya kwance ƙafar baya ya juya ta, don ɗaya gefen yana da giya mai sauƙi. Da haka suka haye manyan duwatsun Faransa.

Injiniya:
Baba, girmanka ne, kuma maganar sabo gaskiya ce. Amma ka ba ni dama in ƙara lissafi ɗaya. Ƙafar keken tsere tana cin kusan mita 2.1 a juyi guda. Giyarsa mafi sauƙi ita ce haƙora 39 a gaba da 25 a baya, kowane juyin feda yana kai shi mita 3.3. In yana hawa da gudun 10, fedarsa tana juyawa sau 50 ne kawai a minti. Wannan ba tuƙi ba ne, dannawa ce, kamar mai hawa matakala yana tsallake biyu-biyu. Da yana da 34 a gaba da 32 a baya, juyi guda mita 2.2 ne, a wannan gudun dai feda za ta juya sau 75. Aikin da zai yi bai ragu ba, tudun yana nan yadda yake, amma an raba masa nauyin ƙanana-ƙanana. Tsoka ba ta saurin ƙonewa, gwiwa ma ta huta. Mutanen 1937 ɗin da ka ambata, da aka ba su dama ai ba wanda ya ce a bar shi da juya ƙafa.

Baba Mai Keken Ƙarfe:
Haka ne, ba wanda ya ce a bar shi. Na karɓi wannan. Gwiwata ta hagu ma shaida ce, da sanyin safiya tana tuna min da tuddan da na danne da ƙarfin tsiya. Abin da nake gudu shi ne yaro ya ɗauka da ya sauya ƙarfe shi ke nan ya gama.

Sarkin Gangara:
Ni a ganina duk kun yi nisa. Matsalarsa nauyi ne. A tudu kowane kilo magana yake. Ya rage kayan da yake ɗauka, gora ɗaya ta isa, ya nemi ƙafafu marasa nauyi. 'Yan tsere kekunansu kilo 6.8 ne, shi ne mafi ƙarancin da hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta yarda da shi. Ba banza suke bin wannan ba.

Injiniya:
Malam Sarki, a ce shi da kekensa da kayansa kilo 80 ne. Ka cire kilo 1, ka cire kashi 1 da ɗan ɗori cikin ɗari. A tudun minti 12 ɗin can, abin da zai samu bai wuce daƙiƙa 9 ba. Ɗan tseren da ake raba shi da abokin karawarsa da tsawon taya, daƙiƙa 9 dukiya ce. Wanda cinyarsa ta ɗaure a kilomita 60, ba daƙiƙa 9 yake nema ba. Kuma in ka ce ya bar gora ɗaya a gida, ka ƙara masa ciwo ne. A karkara za ka iya yin awa guda ba ka ga inda za ka cika ruwa ba.

Hajiya Mai Hular Kwano:
Na goyi bayan Injiniya a kan ruwa. Ƙanena, me ka sha, me ka ci a cikin awa biyar ɗin nan?

Ɗan Autan Feda:
Yaya, gora biyu na ɗauka, na shanye su kafin kilomita 50. Abinci kuwa wanda na ci da safe ne kawai. A shimfiɗaɗɗiya haka nake yi kuma ba na jin komai.

Hajiya Mai Hular Kwano:
To ga wani ɓangaren matsalar. Sukarin da jiki yake ajiyewa a tsoka da hanta ba shi da yawa, in ana aiki mai ƙarfi awa ɗaya da rabi zuwa biyu ya yi ƙasa sosai. A shimfiɗe kana tafiya a hankali, jiki yana haɗawa da kitse, ajiyar tana daɗewa. A tudu kuwa duk lokacin da ka miƙe ka danna, daga wannan ajiyar kake ɗiba kai tsaye. Tudu talatin, ɗiba talatin. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce giram 30 zuwa 60 na sitaci ko sukari a kowace awa, da gorar ruwa guda a awa, fiye da haka in ana zafi. Kada ka jira sai ka ji yunwa. Kuma ka ci a inda hanya ta lafa, ba a tsakiyar hawa kana haki ba, ba kuma a gangara da hannu ɗaya a kan birki ba.

Baba Mai Keken Ƙarfe:
Bari in faɗi abin da lissafi bai faɗa ba tukuna, shi ne yadda ake hawan ƙaramin tudu. Na tabbata ga yadda yaron nan ya yi: ya taho da gudu daga gangara, ya ga tudun ɗan ƙarami ne, ya ƙi sauya giya, ya miƙe tsaye ya afka masa. Rabin farko ya tafi kamar kibiya. Daga nan keke ya fara nauyi, ya nemi giya a makare sarƙa tana ƙara, ya isa sama numfashi kamar zai fita, ya saki feda yana jiran gangara ta ɗauke shi. Ko ba haka ba ɗana?

Ɗan Autan Feda:
Baba kamar kana bayana. Haka na yi a kusan kowane tudu na farkon tafiyar.

Baba Mai Keken Ƙarfe:
Kowa da haka ya fara. Ka juya abin. Gindin tudu ka shige shi da ladabi. Gudun da ka taho da shi ka bar shi ya kai ka inda zai kai ka, kana sauke giya ɗaya bayan ɗaya tun ƙafa ba ta yi nauyi ba. Ka zauna a sirdi, hannuwa a saman kan keke, kafaɗa a sake. Ka riƙe numfashin da in wani ya yi maka magana za ka iya amsa masa da 'yan kalmomi. Sai ka hango ƙarshe sannan ka ƙara wuta, in akwai abin ƙarawa. Kuma tudu ba ya ƙarewa a inda ido ya ce ya ƙare. In ka kai sama kada ka saki feda, ka ƙara juyi goma ko sha biyar har keke ya ɗauki gudu, sannan ka huta. Wanda ya saki feda a kan tudu yana tafiyar hawainiya, gangarar ma a hankali za ta fara masa. Wanda ya ƙara 'yan juyin nan, kafin ka ankara ya ba ka tazarar da ba za ka cike ba, alhali ba ƙarfi ya fi ka ba.

Sai dai 'yan ƙananan da ba su wuce numfashi goma ba, waɗannan kam ka miƙe ka haye su da gudun da ka zo da shi. Sanin wanne ne wanne, shi ne sabon da nake faɗa.

Injiniya:
A nan ni da Baba bakinmu ɗaya, kimiyya ma tana bayansa. Ƙarfin da ake buƙata don keta iska yana ninkuwa sau takwas in gudu ya ninka sau biyu. Shi ya sa danna feda a gangara kana gudun 50 kusan asara ce, iska ce take shanye wahalarka. A hawa kuwa iska ba ta da ta cewa sosai, kusan duk abin da ka zuba yana komawa gudu. Saboda haka ƙarfi a hawa da bakin tudu ake kashe shi, a gangara a sunkuya a huta. Amma ƙari kaɗan ake yi a hawan, ba a ƙure kai ba.

Sarkin Gangara:
To ni zan kawo wata magana, ko da za a yi min ca. Me ya kai shi ƙananan hanyoyin ƙauye tun farko? Babban titi an fasa tudu, an cike kwari, hawansa a hankali yake, kwaltarsa sumul. Ƙaramar hanya kuwa yadda ƙasa ta kwanta haka take bi, ta faɗa kowane rafi ta fito. Ga ramuka, ga tsakuwa, ga karnuka. In horo kake so, babban titi ya fi.

Mai Taswira:
Malam, bayaninka a kan yadda ake gina hanyoyin daidai ne, amma hukuncin da ka yanke ban yarda da shi ba. Babban titi yana da sauƙin hawa, yana kuma da manyan motoci suna wuce ka da gudun da iskarsu kaɗai take girgiza keke. Ni dai abin da ya sa nake fita karkara shi ne in yi rabin awa ban ji ƙarar inji ba, in ji kukan tsuntsaye da ƙarar tayata. Wanda ya ɗanɗana wannan ba ya komawa gefen tirela don kwalta mai laushi.

Abin da ya kamata shi ne a iya zana hanyar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da nake yi, ko a manhajar Komoot ko a ta Ride with GPS ko a taswirar takarda. Ina fara duba shuɗayen layukan ruwa. Duk rafin da hanyarka ta ratsa, gangara ce da hawa, babu makawa, don ruwa a ƙasa yake kwanciya. Hanyar da ta ratsa rafi goma sha biyu tana da tudu goma sha biyu ko da hoton hawa da gangara na manhajar bai nuna ba. Wadda ta bi gefen kogi tana tafiya tare da shi, lafiya lau take. Wadda ta bi ƙololuwar tudu ita ma hawanta kaɗan ne da zarar ka hau, sai dai iska ba ta da abin da zai tare ta a can. Tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka mayar ta masu keke ita ce mafi sauƙi, don jirgi ba ya iya hawan tudu mai tsauri, dole aka daidaita masa. Sai layukan da ke nuna tsayin ƙasa: inda suka matsu da juna, nan ƙafa za ta yi kuka.

Kada kuma ka yarda da matsakaicin tsaurin tudu. Hawan mita 100 a kilomita 2 kashi 5 cikin ɗari ne, amma yana iya zama kilomita ɗaya da rabi kusan a kwance, sannan mita 500 na ƙarshe su miƙe kamar bango. Ka faɗaɗa hoton ka duba gaɓa-gaɓa. Jimillar hawan ma manhajoji suna saɓawa, wata ta ce 1,200 wata ta ce 1,400 a hanya ɗaya, musamman a irin wannan ƙasa mai ƙananan tuddai. Na'urar da take auna tsayi da nauyin iska ta fi waya dogaro.

Abu na ƙarshe, ka sa tuddai masu wuya a rabin farko, ka fita kana fuskantar iska, ta turo ka a dawowa. Kuma ka zana hanyar yadda akwai inda za ka yanke ka koma gida in abu ya ƙi.

Ɗan Autan Feda:
Na koma na ƙirga yanzu. Rafi 17 hanyata ta ratsa, kuma 11 daga ciki suna bayan kilomita 45. Ashe da na bi ta ɗaya gefen da na gama da su tun ina da ƙarfi.

Injiniya:
Kada ka ji kunya, irin wannan ƙasa tana kayar da manya. Dubi Beljiyam. Wuri mafi tsayi a ƙasar gaba ɗaya mita 694 ne, amma tseren Liège-Bastogne-Liège da aka fara tun 1892, a cikin tuddan Ardennes, yana tara hawan da ya haura mita 4,000 a kilomita 250 da wani abu, kuma ana lissafa shi cikin mafi wuyar tseren yini guda a duniya. Holan da kowa ya sani da shimfiɗa, a kudancinta ake yin Amstel Gold Race tun 1966, tuddai sama da 30, gajeru-gajeru. Tafiyar keke ta Paris-Brest-Paris a Faransa kuwa, kilomita 1,200 ce da ake ba mutum awa 90 ya gama, babu babban tsauni a hanyar, amma hawanta ya wuce mita 10,000. Sai gasar tseren keke ta duniya da aka yi a Kigali ta Ruwanda a watan Satumba na 2025, karon farko a Afirka, wadda Tadej Pogačar ya lashe: kusan kilomita 267, hawa sama da mita 5,000, mafi yawan waɗanda suka fara ba su ƙarasa ba. Ba tsayin tudu ne yake cin mutum ba a irin waɗannan wurare, yawansu ne da rashin samun inda za ka daidaita numfashi.

Mai Taswira:
Tunda an ambaci Beljiyam, akwai abin da yake burge ni a can. Wani injiniyan haƙar ma'adinai, Hugo Bollen, ya ƙirƙiro tsarin sa wa kowace mahaɗar hanyar keke lamba, aka fara a yankin Limburg a 1995. Kafin ka fita sai ka rubuta jerin lambobi a 'yar takarda ka manna a kan keke, kana bin alluna daga lamba zuwa lamba ta ƙananan hanyoyi. Daga baya Holan ma ta ɗauka. Ko inda babu irin wannan, dabarar takardar tana aiki. Ni har yau ina rubuta kilomitar da kowane babban tudu zai fara, da inda zan samu ruwa, in manna da salatif. Waya tana mutuwa, a kwari ma sau da yawa babu sabis.

Hajiya Mai Hular Kwano:
Duk an yi maganar hawa, ba wanda ya taɓa gangara, alhali ita ce take kai mutum asibiti. Ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita, don abin ya faru da ni.

Shekara uku da suka wuce ina gangarowa wani kwari da na sani sarai, na bi shi ya fi sau ashirin. A ƙasa akwai kwana zuwa hagu sai gada. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ruwan ya kwaso yashi daga gona ya shimfiɗa shi daidai kan kwanar, launinsa kusan ɗaya da kwaltar. Na gan shi a makare, na damƙe birki keke yana kwance cikin kwana. Ƙafar gaba ta tafi. Ban san lokacin da na kai ƙasa ba, sai ganin ƙafar baya na yi tana juyawa a sama, gorata tana gangarawa cikin rafi. Ƙashin kafaɗata ya karye, hular kwanona ta tsage gida biyu. Na fi minti arba'in a zaune a bakin gadar kafin wani mai tarakta ya zo wucewa. Shirun karkarar nan da Mai Taswira yake yabo, nima ina son sa, amma ranar na gane ɗaya fuskar tasa.

Tun daga nan ga ƙa'idata. Ƙasan kwari shi ne matattarar komai: yashi, tsakuwa, laka daga tayar tarakta, ramin da ruwa ya ci, gaɓar gada. Kuma nan ne gudunka ya fi yawa. Ana rage gudu kafin kwana, keke yana tsaye sosai, da birki biyu, na gaba shi ne mai tsayarwa amma a matsa shi a hankali. A cikin kwana feda ta waje tana ƙasa, nauyi a kanta, ido a inda za ka fita. Hannuwa a ƙasan kan keke, don rami ba zai fizge su ba.

Sai bakin tudu. Direban da ke tahowa daga ɗaya gefen ba ya ganinka, wanda ke bayanka kuma in ya ce zai wuce ka a nan bai san abin da ke zuwa ba. Ina kunna jar fitilar baya ko da rana tsaka. Ba na maƙalewa a can bakin kwalta, don hakan yana gayyatar direba ya matse ni. A Faransa doka ta ce mota ta bar mita 1.5 tsakaninta da mai keke a wajen gari, a Jamus mita 2, amma doka ba ta ganin bayan tudu. In kuna tafiya a ƙungiya, kada ku tsaya jiran juna daidai bayan ƙololuwa, ku wuce gaba inda ake hango ku daga nesa, ku sauka daga kan titi. Kuma kafin ka fita ka gaya wa wani a gida hanyar da za ka bi da lokacin da za ka dawo.

Sarkin Gangara:
Allah ya ƙara kiyayewa Hajiya. Ni mai son gangara ne, kowa ya sani, amma wannan ta shige ni. Kwarin da na saba da shi shi ne nake sakin birki a ciki.

Baba Mai Keken Ƙarfe:
Amin. Sannu 'yata. Dabbobi ma a sa su a lissafi. In ka ga kashin shanu ɗanye a kan hanya, garken yana bayan kwanar da ke gaba.

Mai Gyara:
Ɗan Auta, in ka yanke shawarar sauya giya, kada ka sayi ta baya kawai ka ɗaura. Abin sauya giya na baya da yake zuwa da 11 zuwa 25 sau da yawa gajeren hannu gare shi, ba lallai ya ɗauki 32 ba. Ka kai wa mai gyara ya duba, wataƙila sai an sa mai dogon hannu, sarƙa ma sai an sa doguwa. In tsohuwar sarƙar ta miƙe kada a haɗa ta da sabuwar giya, za ta cinye haƙoran. Sannan ka daina haɗa babban faranti na gaba da babbar giyar baya, sarƙa tana karkacewa. Ka sauka ƙaramin faranti tun kafin tudu ya kama ka, kana ɗan sassauta ƙafa lokacin da take sauka. Yawancin sarƙar da ake kawo min ta tsinke, a tsakiyar hawa aka sauya mata giya ana danne da feda.

Taya kuma, in firam ɗinka zai ɗauka, ka bar mai faɗin milimita 23 ka koma 28, ka rage iska. A hanyar karkara mai kaushi taya mai tauri tsalle take, ba gudu ba, kuma a kwana ba ta kama ƙasa. Ka duba robar birki. Ka ɗauki tub biyu da famfo da kayan faci, ƙaya ba ta sallama.

Ɗan Autan Feda:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Zan yi aiki da abin da zan iya, in Allah ya yarda zan dawo da labari.

Ɗan Autan Feda:
Assalamu alaikum, na dawo bayan sati uku. An sa min giyar baya mai 11 zuwa 32 da sabuwar sarƙa, gaba na bar shi yadda yake tukuna. Na sake bin hanyar nan, amma ta ɗaya gefen kamar yadda Mai Taswira ya nuna. Na ci wani abu duk bayan minti 40, na cika gora sau ɗaya a hanya. Awa huɗu da minti 25 na yi, cinya ba ta ɗaure ba. Tuddai biyar na farko sun fi ba ni wuya, ba a ƙafa ba, a zuci, don ina ji zan iya afka musu ina hana kaina.

Tudun da na tura keke a kansa wancan karon, yanzu gangara ya zame min. Hajiya, a ƙasansa akwai kwana da kwalbati, kuma wallahi akwai yashi a kwance daidai wurin. Na riga na rage gudu tun daga sama, na wuce a tsaye.

Hajiya Mai Hular Kwano:
Alhamdu lillahi. Ka sa wa wurin alama a taswirarka, ka tura wa duk wanda ka san yana bin hanyar.

Baba Mai Keken Ƙarfe:
Madalla ɗana. Juyi goman nan na bakin tudu fa, ka yi su?

Ɗan Autan Feda:
Na yi su Baba, sai a biyu na ƙarshe ƙafa ta ƙi. Sati mai zuwa zan koma ta gefen farko, ina so in hau wancan tudun a kan sirdi.